Tsofaffin fina-finan dodanni da na sa aka tura min don hutun Sallah

Ana saura kwana uku Babbar Sallah na kai filash ɗina wurin wani yaro mai tura fina-finai a Samaru, na rubuta masa sunaye huɗu a takarda har da shekarunsu: King Kong na 1933, Godzilla na 1954, Them! shi ma na 1954, sai The Blob na 1958. Ya kalli takardar ya ce, "Oga, waɗannan ai na zamanin kakanni ne, ga sababbi masu fassarar Hausa." Na ce su nake so. Kuɗin kun san yadda suke karɓa, har ƙari na yi masa tunda ya ce sai ya ƙona data.

Da daren Sallah, bayan mun dawo daga kallon hawa a ƙofar fada, ana ta suyar nama a tsakar gida, na kunna Godzilla. Nan kam yaron ya burge ni. Na asali ya samo, na Japan, ba wanda Amurkawa suka yayyanke suka cusa ɗan wasansu a 1956 ba. 'Ya'yan yayata suka fara dariya, wai fim ba kala, dodon kuma kamar mutum cikin buhu. Gaskiyarsu, mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100 yana tattake ƙananan gidajen da aka ƙera. Kukan dodon ma, safar hannu aka shafa wa ƙaro aka goga a tsirkiyar wani ƙaton goge. Amma da aka zo wurin asibiti, ana auna yara da na'urar gano gubar nukiliya, 'yan mata 'yan makaranta suna rera addu'a, falon ya yi tsit. Shekara tara kacal tsakanin fim ɗin da bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, waɗanda suka yi shi sun san abin da suke nunawa. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Kawu, da gaske an yi haka?" A wannan daren da yaron na kusa da na ƙara masa goron Sallah.

Washegari abin ya lalace. Them! labarin tururuwa ne da gwajin bam a hamadar New Mexico ya mayar ƙatti, kowace ta kai ƙaramar mota. Muna tsaka da kallo aka ɗauke wuta, na tada inji da man da na yi tanadi, muka ci gaba. Sojoji sun shiga magudanan ruwan ƙarƙashin Los Angeles neman yara biyu, kowa ya daina tauna nama, sai allo ya yi baƙi. Na ɗauka injin ne. Ashe fim ɗin ne bai gama saukowa ba ya kwafa min haka, ko dubawa bai yi ba. Sau uku ina maidowa baya, nan yake tsayawa. Man fetur a wannan tsadar!

Haushin bai sake ni ba na buɗe King Kong, sai ga na 2005, mai kala, sama da awa uku. Ni da nake son nuna wa yaran ɗan goggon birin nan na 1933 da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, har gashinsa na rawa saboda yatsun masu taɓa shi. Shekarar fa na rubuta masa da hannuna. The Blob lafiya lau ya yi, sai dai rabinsa na yi barci.

Rana ta uku na koma shagon, na tarar da kwaɗo, maƙwabcinsa ya ce ya tafi yawon Sallah garinsu. Idan za ku ba shi aiki, ku sa ya ja kowane fim zuwa ƙarshe a gabanku kafin ku biya. Yaran har yanzu tambayata suke ko an samo yaran nan biyu.