PCM ko Dolby Digital: Wanne Zai Sa Lasifikokin Baya Su Yi Aiki?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa dikoda da amfilifaya mai lasifika biyar da wufa (lasifikar sauti mai kauri), ka zaɓi Dolby Digital a saitin sauti, amma a yawancin tashoshi lasifikokin gaba biyu ne kawai ke magana, ta tsakiya da na baya shiru. Kana tambaya ko ka koma PCM.

Kada ka koma. Dikoda ba ta ƙirƙirar sautin kewaye, abin da tasha ta aiko shi take miƙawa, kuma labarai, tallace-tallace da shirye-shirye da yawa layi biyu ake watsa su, hagu da dama. Amfilifaya ce za ta raba layi biyun nan zuwa biyar.

Idan ka zaɓi PCM, dikoda ce ke warware sautin, kuma galibi layi biyu take turawa. Ko fim ya zo da 5.1, wato layi biyar da na wufa, sai ta matse shi ya koma biyu, layin wufa kuwa yawanci zubar da shi ake yi wajen matsewar. Amfanin PCM shi ne babu talabijin ɗin da ba ya karɓarsa, kuma rimot ɗin dikoda na iya ƙarawa ko rage ƙara. Dolby Digital kuwa, wanda wasu na'urori ke rubutawa Bitstream ko Passthrough, yana tura sautin yadda ya zo, amfilifaya ta warware shi. Mai 5.1 ya iso cikakke, mai 2.0, wato layi biyu, ya iso a 2.0. Nan ne mutane ke rikicewa: allon amfilifaya zai iya nuna Dolby alhali layi biyu ne a ciki. Danna Info ko Display ka ga lambar. Matsalar Dolby Digital biyu ce: a dikodoji da yawa rimot ba ya taɓa ƙara, sannan tashar Dolby kan fito da sanyin murya fiye da sauran.

A amfilifaya ma zaɓi biyu ne, kuma ba su yi kama ba. All Channel Stereo, ko Multi Channel Stereo, kwafi kawai yake yi: hagu ya tafi gaba da baya na hagu, dama haka. Ɗaki zai cika da ƙara, ya dace da kiɗa a taro, amma mai karanta labarai yana gabanka a allo, muryarsa na fitowa ta bayan ƙeyarka. Ga kallo, wannan ɓata sauti ne.

Dolby Pro Logic II, wanda ya fito a 2000, lissafi yake yi. Duk abin da ya zo iri ɗaya a hagu da dama, kamar magana, sai ya tura shi tsakiya. Abin da ya zo a saɓe tsakanin layukan biyu, kamar sowar 'yan kallo a filin ƙwallo ko saukar ruwan sama, sai ya kai shi baya. Zaɓi Movie don fim da shiri, Music don waƙa. Sababbin amfilifayoyi na kiran magajinsa Dolby Surround, na DTS kuma Neo:6 ko Neural:X. Pro Logic II ko magajinsa muke ba ka shawara. Lasifikokin baya za su riƙa yin shiru a wasu lokuta, haka ya kamata. Idan shirin mono ne, wato mai layi ɗaya, komai ta tsakiya zai fito, ba lalacewa ba ce.

Ga yadda za ka yi. Bar dikoda a Dolby Digital, buɗe tashar da ka tabbatar 2.0 ce, sannan ka danna Sound Mode ko Surround a rimot ɗin amfilifaya har sai ka ga Pro Logic II. Yawancin amfilifayoyi suna tuna zaɓi daban ga kowane irin sauti, don haka in 5.1 na gaske ya shigo za su koma kansa da kansu. A saitin amfilifaya, sa lasifikokin a Small, mahaɗar wufa (Crossover, iyakar da sautin da ke ƙasa da ita ke tafiya wufa) a 80 Hz, in ba haka ba wufa na iya zama shiru a kan sautin layi biyu.

Duba waya ma. Wayoyi masu kai ja da fari layi biyu kawai suke ɗauka. Wayar optical na ɗaukar Dolby Digital 5.1 da PCM mai layi biyu, amma ba ta ɗaukar Dolby Digital Plus, shi ya sa wata tasha ke yin shiru gaba ɗaya. Ya fi kyau HDMI ta tashi daga dikoda kai tsaye zuwa amfilifaya, sannan ta wuce zuwa talabijin. In dole sai ta talabijin za ka bi, sa fitarsa ta sauti a Passthrough shi ma, don wasu na mayar da komai layi biyu. Idan hoto ya makara, har murya ta riga baki, ƙara Audio Delay kaɗan-kaɗan har su daidaita.