Trust Deed ko DAS: amsa ga ɗan'uwanmu na Glasgow

Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Kan tambayarka ta wanne zai fi saurin tsayar da masu bin ka bashi, Trust Deed (yarjejeniyar da kake miƙa al'amarin bashinka ga wakili, ka biya wani ɓangare a yafe saura) ko DAS (Debt Arrangement Scheme, tsarin gwamnatin Scotland na biyan bashi duka a hankali): ka ɗauki DAS, muddin albashinka zai iya biyan uwar kuɗin ko da a hankali ne. Kuma kada ka sa hannu a takardar Trust Deed da aka turo maka tukuna.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, sa hannu a Trust Deed ba ya ba ka kariya a ranar. Sai wakilin da ka miƙa wa al'amarinka ya sa sanarwa a rajistar waɗanda bashi ya fi ƙarfinsu, sannan a ba masu bin bashin mako 5 su yi magana. In fiye da rabinsu suka ƙi, ko waɗanda ke da kashi ɗaya cikin uku na jimillar kuɗin, to kariyar ba za ta samu ba, kuma suna iya neman kotu ta ayyana ka a matsayin wanda ya tsiyace. Duk tsawon wannan jiran kana tsaka-mai-wuya, ka sa hannu amma doka ba ta rufe ka ba, sai dai in ka nemi dakatarwar da zan ambata a ƙasa. Gaskiya ne, in ya tabbata, kana biya shekara 4 a yafe ragowar. Ga wanda bashinsa ya kai fam 5,000 ko fiye kuma babu alamar zai taɓa iya biya, yana da ranarsa. Amma kuɗin aikin wakilin daga abin da kake zubawa ake cira, in kana da gida rabonka a cikinsa na iya shiga lissafi, kuma tabon yana zama shekara 6 a tarihin bashinka.

Ni DAS na yi, lokacin ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, katin bashi da harajin kansul (ƙaramar hukuma) sun taru a kaina har na daina buɗe wasiƙu. Wata mai ba da shawara kyauta a ofishin kansul ta zauna da ni, muka lissafa haya, abinci, kuɗin mota, har abin da nake tura wa Hajiya gida na gaya mata ba tare da jin kunya ba. Abin da ya rage shi muka rubuta zan riƙa biya duk wata. Tun ranar da aka shigar da takardar neman DAS aka daskarar da kuɗin ruwa da tara. Masu bin bashin kwana 21 kawai aka ba su, wanda ya yi shiru an ɗauka ya yarda. Ko sun ƙi ma, hukumar Accountant in Bankruptcy, mai kula da tsarin DAS, tana iya amincewa in ta ga tsarin ya yi adalci. Da aka amince, biya ɗaya nake yi a wata, a raba musu, ban ba kowa ko kwabo na ladan aiki ba, domin daga kason masu bin bashin ake cire shi. Da aka rage mana awannin aiki sosai, aka ba ni hutun biya (dokar ta yarda har wata 6 in kuɗin da ke hannunka ya ragu da rabi). Wallahi abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne na sauke haƙƙin mutane cif, kuma ruwan da ke ta hauhawa ya tsaya, a ƙarshe aka soke shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kwana da shi a wuya ba daɗi.

Ko wanne ka zaɓa, akwai abin da za ka fara yi a makon nan. Ka ce wa mai ba ka shawara ya nema maka dakatarwar wata 6 da dokar Scotland ta tanada. Cikinta ba mai ikon fara sabon matakin kama albashinka ko riƙe asusunka na banki. Ruwa dai bai tsayawa a lokacin, kuma sau ɗaya ake bayarwa a wata 12, saboda haka kada ka bari ta ƙare kana tunani.

Sannan ka yi hattara da masu tallar Facebook da ke cewa gwamnati za ta goge maka yawancin bashinka. Da yawansu dillalai ne, lambar wayarka suke so su sayar, kuma Trust Deed suke tura mutane domin can ne riba take. Duk wanda ya kira ka yana gaggauta ka sa hannu yau, ko bai ambaci DAS ba sam, kashe wayar. Je ka ƙungiyoyin ba da shawara kamar Citizens Advice, ko StepChange, ko ofishin kansul ɗinku, duk kyauta ne. Ka tafi da takardar albashinka, bayanan banki na watannin baya, da duk wasiƙun nan, har waɗanda ba ka buɗe ba.