Na je baje-kolin bindiga na Tulsa neman wuƙar layya

Tun da na zo Dallas ban taɓa samun wuƙar da ta kwanta min a rai don yankan layya ba. Na manyan kantuna duk na albasa da tumatir ne, in ka ɗora irinsu a wuyan rago sai ka ji kamar zaluntar dabbar kake yi. Bara da aro na yi, wajen wani ɗan Sudan da muka haɗu a gonar da ake yanka, na tsaya riƙe da igiyar ragona ina jira ya gama da nasa. Shi ya sa da wani Bature abokin aikina ya ce in wuƙar gaske nake so in je Tulsa a jihar Oklahoma, ban ɓata lokaci ba. A can ake yin baje-kolin bindigogi da wuƙaƙe na Wanenmacher sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba, kuma shi ake kira mafi girma a duniya a irinsa. Na ja abokina, wani Bazazzage da ke karatun digiri na uku, muka kama hanya bayan sallar asuba ranar Asabar. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan mintoci.

Kafin ka ga ƙofa za ka fara ganin wani ƙaton mutum-mutumi na mai haƙar man fetur, ruwan zinariya, tsawonsa ya kai ƙafa 75, yana tsaye a gaban ginin. Ginin kansa eka 11 ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, sama da ƙasa, da tebur fiye da 4,000. Na sha jin waɗannan lambobin kafin in je, amma sai da ƙafata ta fara zafi wajen azahar na san ma'anarsu. Laifina ne, takalmin zuwa ofis na sa.

A bakin shiga, duk wanda ya zo da bindigarsa sai an duba an tabbatar babu harsashi a ciki, sannan a ɗaure ta da wata siririyar igiyar roba yadda ba za ta harba ba. Daga nan sai ka ga dattijo yana yawo da doguwar bindiga rataye a kafaɗa, ya soka tsinke a bakinta da 'yar takarda mai ɗauke da farashi, kamar mai tallan agogo a Kantin Kwari. Bazazzagen ya dafa ni ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gani kuwa?" Na gani. Mu da muka fito daga inda jin ƙarar bindiga da dare ke nufin a tattara yara a shiga daji, mu da ke da 'yan uwa a Zamfara da Katsina da hanyar Birnin Gwari, ganin irin waɗannan kayan a shimfiɗe kamar tumatir a 'Yankaba ba ya shiga rai da sauƙi. Na yi kusan rabin awa jikina a sanyaye. Mutanen wurin kuwa ko a jikinsu, wani ma da jikansa a wuya yana shan askirim.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ɓangaren tsofaffin kaya. Nan ba kasuwa ba ce kawai, gidan tarihi ne da ake iya taya kayansa. Ga Winchester ƙirar 1873, ga Colt mai harsashi shida ita ma ta 1873, ga M1 Garand ta yaƙin duniya na biyu. A wani tebur muka tarar da Lee-Enfield ta Ingila, irin wadda sojojinmu suka riƙe a ƙasar Bama (Burma) lokacin wannan yaƙin. Kakan abokina yana cikin waɗanda suka je, don haka sai ya miƙa hannu kawai ya ɗauka. Mai teburin bai ɗaga murya ba, ya dai ce a nan ana tambaya kafin a taɓa, kuma in an ɗauka ba a nuna bakinta wajen mutum, ba a sa yatsa a kunama. Na ce da mutumin nawa, "To ka ji, Zazzagawa, ko a Amurka sai kun nuna hali." Daga baya dattijon ya ba shi ita ya riƙe yadda ya dace, har ya nuna masa tambarin masana'anta da shekarar ƙira a jikin ƙarfen. Akwai kuma dogayen bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda in ka cire adon tagullar da ke jikinsu ba su da maraba da na 'yan bindigar Sarki ranar hawan Daushe.

Ban je sayen bindiga ba, amma na tsaya na kalli yadda ake saye, don mutane a gida suna ɗauka kamar sayen burodi ne. Wajen ɗan kasuwa mai lasisi sai ka nuna katin shaida, ka cike fom mai lamba 4473, a tura sunanka ga hukumar FBI a bincika. Ƙaramar bindiga sai ɗan shekara 21, doguwa 18. Ni da na zo daga Texas, da ƙarama nake so ba za a miƙo min ita a nan ba, sai an aika wa wani mai lasisi a jiharmu in je can in karɓa. Abokina mai bizar karatu kuwa doka ta hana shi, sai in ya shiga cikin 'yan tsirarun da aka keɓe, kamar mai lasisin farauta. Inda abin yake da sassauci shi ne mutumin da ke sayar da tasa ta kansa: dokar tarayya ba ta tilasta masa wannan binciken ba, ta dai hana shi sayar wa mazaunin wata jiha. Wannan gurbin ne Amurkawa suka daɗe suna jayayya a kai. Ni dai raina bai so shi ba.

Yanzu wuƙa. A nan na yi wautata ta farko. Ban kai ko kwata na zagayen ba na ci karo da wani tebur cike da wuƙaƙe masu zanen Dimashƙa, wannan zanen da ke tafiya a jikin ƙarfe kamar ruwa a kan yashi, mariƙinsu na ƙashi, kubensu na fata mai ɗinkin hannu. Dala 45. Jinin Kano ya motsa, na taya 30, aka sallama a 35, na sa a jaka ina jin na ci riba. Da na ƙara gaba sai na ga iri ɗaya sak a tebur uku dabam-dabam, wato sari ake yi daga waje. A lokacin ma ban damu ba.

Sai can ƙasa, kusa da bango, na tarar da wani dattijo da wuƙaƙe ba su fi goma sha biyu a gabansa ba, babu mai ƙyalli ko ɗaya. Abin da ya tsayar da ni hannunsa ne na hagu: daga wuyan hannu zuwa gwiwa babu gashi, fes kamar an yi masa aski. Da ya ga ina kallo sai ya yi dariya, ya ɗauki wuƙa ɗaya ya nemi ɗan gurbin da gashi ya saura, ya shafa a hankali, gashin ya taru a kan kaifin. Maƙeri ne, da kansa yake ƙira. Na gaya masa abin da nake so: rago, yanka ɗaya, ba gurzawa, sannan fiɗa. Bai san layya ba, amma ya san farautar barewa, don haka nan da nan muka fahimci juna. Ya ture waɗanda na fara dubawa ya ce sun yi kauri, ya miƙo min wata mai tsawon kamu ɗaya, siririn baya, ɗan lanƙwasa a gaba, mariƙin katako.

Na tambaye shi wane ƙarfe ne. Ya ce 5160, irin wanda ake yin sifirin ɗin mota da shi. Sai na tsaya ina murmushi ni kaɗai, don maƙeran unguwarmu abin da suke bi 'yan gwangwan suna nema ke nan tun ina yaro, da shi suke ƙera barho da gatari. Na ba shi labarin zuga-zugi na fatar akuya da yadda muke rububin zuga wuta don a ba mu kwabo. Ya ajiye komai ya saurara. Shi kuma ya ba ni labarin jarrabawar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda aka kafa a 1976: wuƙarka za ta tsinke igiya a rataye da sara ɗaya, ta sare katako gida biyu har sau biyu, bayan haka ta iya aske gashi, sannan a matse ta a lanƙwasa ta kamar kusurwar ɗaki ba tare da ta karye ba. Mun fi minti arba'in, mutane na zuwa suna wucewa.

Ya ce dala 180. Na taya 130, ya girgiza kai kawai, babu ko "albarka". Da na ciro tsabar kuɗi maimakon kati ya sauko 160, ya haɗa min da kube. A tebur na gaba na sayi dutsen wasa wuƙa na Arkansas, wanda ake haƙowa a duwatsun Ouachita, nan maƙwabta. Muka fito muka haɗa azahar da la'asar a gefen mota, muka ci dabino da gyaɗar da muka taho da su. Wani ya tsaya ya yaba hulata ya tambayi inda ake samunta.

Mai zanen Dimashƙa ba ta kai Sallah ba. Kaza ɗaya na gyara da ita ta dakushe, na wasa ta, ta sake dakushewa, cikin mako uku mariƙin ya fara girgiɗi. Uwargida ta kalle ta ta ce, "Baban yara, araha dai ba ta ado." Na ce ai wannan adon ne kaɗai da ita.

Ta dattijon kuwa, ranar layya ja ɗaya na yi. Da ita na feɗe nawa, aka feɗe na Bazazzage, ɗan Sudan ɗin bara ma ya zo ya karɓa ya juya ta ya tambayi farashi. Sau ɗaya na ɗan goga ta a dutse tsakanin rago na farko da na biyu. Aibinta ɗaya, baƙin ƙarfe ne, ba ya haƙuri da ruwa. Dattijon ya gargaɗe ni, amma hidimar suya ta ɗauke min hankali na bar ta a jiƙe har safiya, na tashi na tarar da ɗigo-ɗigon tsatsa. Na goge, na shafa mai, tabon dai yana nan kaɗan kusa da mariƙi.

Zan koma a Nuwamba in Allah ya kai mu, da takalmin gudu da tsabar kuɗi, kuma ba zan ciro walat ba sai na gama zagaye. Ƙaramar wuƙar fiɗa nake so daga hannun dattijon, in na iya gano teburinsa, don ban karɓi katinsa ba. Mai zanen kuma tana can tsakar gida ta baya, uwargida na tone ƙasar tukwanen yakuwarta da ita.