Prometheus da Grafana: abinda na gani bayan shekara biyu ina aiki dasu

Tun da daɗewa nake son rubuta wannan sharhin saboda yawan tambayar da ake min, wai da me muke sa ido akan sabobinmu na gajimare, wato kwamfutocin da muke haya ta intanet da manhajarmu take gudana akansu, kuma shin ya cancanci wahalar da ake sha wajen haɗa shi. Amsa a taƙaice eh ya cancanta, amma akwai bayani, don ba abu bane da zaka saka yau gobe ka kwanta kayi barci.

Mu ƙaramar tawaga ce, sabobi ashirin da wani abu muke kula dasu, wasu a gajimare wasu kuma a ɗakin saba na ofis, ga rumbun bayanai guda biyu ga kwantenoni, wato manhajojin da aka ƙunshe kowacce da kayan aikinta, akan Kubernetes, tsarin da yake tafiyar dasu. Da can wani kamfani muke biya duk wata yana mana aikin sa ido, bazan kira suna ba, abin yana aiki amma kuɗin da kowace saba ake lissafa shi, duk sabuwar saba da muka ƙara sai bil ya tashi, har takai muna zaɓen wacce za'a sa wa ido wacce za'a bari, kuma wallahi wacce aka bari ɗin ita ce ta cika diski wani dare, rumbun bayanai ya daina karɓar rubutu, sai da masu amfani da manhajar suka fara kira muka sani. Wannan daren ne yasa na ce dole mu canza, sai muka koma Prometheus da Grafana.

Prometheus kyauta ne, buɗaɗɗiyar manhaja ce, a kamfanin SoundCloud aka fara gina shi a 2012, a 2016 ya shiga ƙarƙashin gidauniyar CNCF mai kula da buɗaɗɗun manhajojin gajimare inda ya zama aiki na biyu da suka karɓa bayan Kubernetes. Yadda yake aiki shine abinda ya fara burge ni. Ba sabobin ne suke turo masa bayani ba, shi ne yake bi ɗaya bayan ɗaya yana ɗebowa, kamar mai zagaye yana duba mita. Kowace saba kana ɗora mata wata ƴar manhaja mai suna node_exporter, ita kuma ta buɗe ƙofa ta 9100 tana nuna lissafin CPU da RAM da diski da netwok, Prometheus yazo duk bayan lokacin da ka saita masa ya kwafa ya ajiye, mu daƙiƙa 15 muka sa. Amfanin wannan tsarin, idan yaje bai samu amsa ba nan take ya san akwai matsala, akwai wani awo da ake kira up, in 1 ne lafiya in 0 ne to saba bata amsawa. Abu mai sauƙi amma shi kaɗai ya cece mu sau da yawa.

Grafana kuma shi ne fuskar, Torkel Ödegaard ya fitar dashi a 2014, shi yake ɗaukar lambobin nan ya mayar dasu zane akan dashbod. Anan ba sai na ja magana ba, yana da kyau, yana da sauri, kuma akwai dashbod da mutane suka riga suka haɗa sai dai kawai ka shigo dashi. Ranar farko cikin ƴan awanni na ga duk sabobinmu a allo ɗaya, har da waɗanda muka daɗe bamu san halin da suke ciki ba.

Amma fa dashbod ba shi bane aikin, wannan na daɗe kafin na gane. Babu wanda zai zauna yana kallon allo ƙarfe uku na dare. Aikin gaske yana wajen ƙararrawa, wato ƙa'idojin da kake rubutawa ka ce in kaza ya faru a tashe ni. A watan farko mun rubuta ƙa'idoji da yawa sosai, CPU ta haura kashi 80 a buga, RAM ta haura kashi 85 a buga, kwantena ya sake tashi a buga, sai waya ta koma tana ƙara dare da rana, kuma yawancinsu kafin ka buɗe kwamfuta abin ya wuce da kansa. Haɗarin da ke nan shine mutum ya saba da ƙarar har ya daina dubawa, ranar da ta gaske tazo sai ta wuce cikin taro. Na ga hakan ya fara faruwa a tawagarmu kuma ya tayar min da hankali ƙwarai, don ya fi rashin ƙararrawar ma muni, kana zaton ana gadi alhali ba'a yi.

Sai muka zauna muka share mafi yawansu. Tambaya ɗaya muka riƙa yi wa kowace ƙa'ida, in wannan ta buga da tsakar dare akwai abinda mutum zai tashi yayi yanzu yanzu? In babu, to ta koma saƙon da za'a gani da safe ko a goge ta. Muka koma kan abubuwa huɗun nan da injiniyoyin Google suka shahara da su, jinkirin amsa, yawan zirga-zirga, yawan kurakurai, da kuma yadda na'ura ta kusa cika. CPU ta kai kashi 90 amma shafi yana buɗewa da sauri ba kuskure, to me ye na tashin mutum, ai aikinta take yi. Amma in kashi biyu cikin ɗari na buƙatun da ke shigowa suna dawowa da kuskuren 500, wato saba ta kasa amsa buƙatar, na tsawon minti biyar, wannan kam a tashe ni. Kuma Prometheus yana baka damar cewa sai matsalar ta ɗore na minti kaza kafin a buga, wannan ɗan layin kaɗai ya rage mana hayaniya fiye da rabi a yadda na lura.

Abinda nafi so a duk tsarin shine wani aiki a cikin yaren tambayarsa PromQL mai suna predict_linear. Maimakon ka ce a sanar dani in diski ya kai kashi 90, sai ka ce duba yadda yake cika cikin awa shida da suka wuce, in a haka zai ci gaba zai ƙare nan da kwana ɗaya, to faɗa min. Bambancin babba ne. Diski mai kashi 92 da ya shekara a haka ba matsala bane, amma mai kashi 40 da wata manhaja ta haukace tana zuba masa log, wato rubutun abinda take yi, zai iya cika kafin asuba. Tunda muka sa wannan, irin wancan daren bai sake maimaituwa ba. Haka ma blackbox_exporter, yana duba shafi daga waje kamar yadda mai amfani zai gani, har ya gaya maka kwana nawa ya rage satifiket ɗin tsaro ya ƙare, mu kwana 14 muka sa.

Yanzu inda zaka sha wuya. PromQL ba wasa bane a farko, musamman fahimtar bambancin awon da kullum ƙaruwa yake da wanda yake hawa da sauka, na farkon sai ka saka shi cikin rate, aikin da yake lissafa saurin ƙaruwarsa, kafin ya baka ma'ana, in ba haka ba zaka ga layi yana ta hawa sama kawai ba abinda yake gaya maka. Na ɗauki makonni kafin hannuna ya faɗa.

Na biyu kuma wanda nake roƙon duk mai farawa ya kiyaye, maganar lakabi. Duk awo yana ɗauke da lakabobi, wato ƴan bayanan da suke bambanta shi kamar sunan saba, kuma kowane sabon haɗin lakabi sabon jeri ne da Prometheus zai riƙe a RAM. Wani cikinmu da kyakkyawar niyya ya sa lambar mai amfani a matsayin lakabi don ya riƙa ganin kowa daban, cikin kwana biyu jerin ya ninka ya ninka har sabar Prometheus ɗin kanta ta cinye RAM ta faɗi. Wannan kuskurenmu ne, takardun jagorar sun yi gargaɗi akai ƙarara. Kada ka sa abinda bashi da iyaka a lakabi, lambar mutum, imel, cikakken adireshin shafi, duk wurinsu log ne, don haka ma muka ƙara Loki, manhajar tara log, a gefe.

Ajiya kuma, in baka taɓa komai ba kwana 15 kawai yake riƙe bayani sai ya goge. Baya cin wuri sosai, kowace lamba ɗaya da ya kwafa bayit 1 zuwa 2 ce, kaga jeri 100,000 duk daƙiƙa 15 na kwana 15 bazai wuce gigabayit 18 ba. Zaka iya ƙara kwanakin, amma in shugabanni suna son kwatanta bana da bara ko kana da wurare da yawa, sai ka haɗa da Thanos ko Mimir, manhajojin ajiya ta dogon lokaci, kuma wannan wani aikin ne daban mai zaman kansa. Anan ne mutum zai gane kyautar lasisi ce kawai, lokacin ma'aikaci kam sai an biya, sabuntawa da ajiyar ko-ta-kwana duk a wuyanka suke.

Sai tambayar da mutane suke mantawa, shi mai gadin wa ke gadinsa? Ranar da sabar Prometheus ta faɗi shiru muka ji, kuma shiru yana kama da lafiya. Maganin da muka yi, ƙararrawa ɗaya da kullum take a kunne, Alertmanager, manhajar da take aika ƙararrawar Prometheus, yana tura ta wani waje daban da ba akan gajimarenmu yake ba, in wancan wajen ya daina jinta na ƴan mintuna shi zai kira mu. Kada ka ɗora mai sa ido akan injin da yake sa wa ido, kuma in da hali ma ba a yanki ɗaya ba.

In an yi maka alƙawarin sabis zai kasance yana aiki kashi 99.9 na lokaci ko kai kayi wa wasu, ka sani minti 43 ne kacal na faɗuwa a wata kake da su, in sai kwastoma ya kira kake sanin an faɗi to sun ƙare tun kafin ka zauna. Don haka in kuna da Kubernetes ko sabobi sun haura goma kuma akwai mutum ɗaya aƙalla da zai ɗauki abin a matsayin aikinsa, ina bada shawarar wannan haɗin ba tare da shakka ba. In kuwa saba biyu ce gareka kuma kai kaɗai ne, gara ka fara da abin sa idon da mai gajimaren ya baka, CloudWatch ko Azure Monitor ko makamancinsu, ka sa ƙararrawar diski da ta faɗuwar shafi, in aiki ya girma sai ka taho nan.