Hattara da mai tallar "tsohuwar jita" a Facebook, ya wanke ni ₦420,000

Jama'ar Kano, musamman makaɗa da 'yan situdiyon Zoo Road, ku tsaya ku karanta. Yau kwana tara ina haɗiye wannan abu, ya ƙi haɗiyuwa. Naira dubu ɗari huɗu da ashirin. ₦420,000. Kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa, har da kwasar adashina, na miƙa wa ɗan damfara da hannuna ina yi masa godiya.

Kafin wani ya zo ya ce min sakarai, shekarata 14 ina kaɗa jita. Na san mece ce jitar Yamaha FG-180. Na san a 1966 aka fara ƙera jerin FG a Japan, na san na farko-farkon nan masu jar takarda a ciki, wadda aka rubuta Nippon Gakki, su ne ake rububinsu. Har na san Nippon Gakki shi ne sunan kamfanin kafin a mayar da shi Yamaha a 1987. To ku gaya min, mutum ya ga jar takardar nan da idonsa a Kano, ya zai yi?

A Facebook na ga tallar. Hoto huɗu, ya rubuta wai jitar marigayi mahaifinsa ce, FG-180 ta 1970, wani bature da suka yi aiki tare a masaƙa a Bompai ya bar masa da zai koma gida. Ya sa ₦500,000. Na yi masa magana, muka koma WhatsApp, duk hirar tana nan, zan ɗora hotunanta.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne ma, sallar nan ce. Mun haɗu a Tarauni wajen ƙarfe huɗu saura, ana kiran la'asar. Sai ya ce, "Yayana, riƙe min ita in yi alwala, ai kai ba baƙo ba ne yanzu." Ya bar min jitar a hannu ya tafi. Ya bar min ita! Na tsaya ina cewa a raina, ɓarawo ba zai bar maka kayan rabin miliyan ya juya baya ba. Muka yi sallah kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame ya ba ni hannu. Tun ranar, ko na rufe ido hannun nan nake gani, da "ai kai ba baƙo ba ne yanzu". Ashe shi ya san abin da ya bar min bai kai dubu hamsin ba, ko na gudu da ita ni na yi asara.

Af, na tsallake wani abu. Tun daren Talata, kafin haɗuwar, ya kira ni yana shessheƙa wai mahaifiyarsa na kwance a asibiti za a yi mata aiki, ba don haka ba ko miliyan aka ba shi ba zai rabu da abin tunawa da babansa ba. Ko Laraba ce? Talata ce dai, don ranar na je Farm Centre gyaran waya. Shi ya sa da muka zo ciniki na ji kunyar matsa masa. Na taya ɗari huɗu, ya ce in dubi Allah in dubi mara lafiya, na ƙara ashirin. Ni da bakina na ƙara ashirin ɗin. Kuma bai ba ni asusunsa ba, wajen mai POS ya kai ni, wai katinsa ya toshe. Na tura ₦420,000, aka ƙirgo masa tsaba, ya tare adaidaita sahu ya yi gaba.

Na duba ta fa, kada ku ɗauka ban duba ba. Na leƙa ramin, ga jar takarda ta yi duhu-duhu kamar ta sha shekaru. Ga fenti ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Na kaɗa, tsirkiyoyin sun yi tsatsa, sautin ya dushe, na ce laifin tsirkiya ne, in na sa sababbi za ta buɗe. A bakin titi, ga hayaniyar motoci, ga mutum yana share hawaye, wa zai ji sautin ƙwarai?

Ranar Asabar na kai ta Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗan coci-coci, don ya sa min tsirkiya ya daidaita wuya. Ina shiga ina taƙama, na ce, "Baba, yau na kawo maka abin da ka daɗe ba ka gani ba." Ya karɓa, ya juya ta sau ɗaya, ya dube ni ya ce, "Ɗana, nawa ka saya?" Daga yadda ya yi tambayar na ji cikina ya ɗuri ruwa.

Bai yi gardama da ni ba. Ya sassauta tsirkiyoyi, ya ɗauko tocila da ɗan madubi irin na masu cire haƙori, ya zura ciki ya ce in leƙa. Ya ce ta gaskiya, lambarta a jikin katako ake buga ta a ciki, ba a kan takarda ba. Tawa kuwa ga lamba raɗau a kan takardar, katakon fes babu komai. Ya ce waɗancan na Japan akan samu kwanan wata da aka buga da tawada a bangon ciki, da lissafin shekarun sarkinsu, wato Showa. Sai ka ƙara 1925 a kan lambar farko, in ka ga 45 to 1970 ke nan. Muka haska lungu-lungu, babu ko ɗigo. Ya nuna min kan jitar, ya ce ta wancan zamani tana da ɗan murfi a nan, inda ake ɗaure ƙarfen da ke cikin wuya. Tawa babu murfi, ta cikin rami ake ɗaure nata. Wannan kam na sani! Wallahi na sani, na sha ganinsa a hotuna, amma ranar idona na kan jar takarda.

Sai ya sa farce ya ɗan ɗaga gefen takardar. Gam ɗin ko gama bushewa bai yi ba, yana naɗewa kamar cingam. A ƙarƙashi ga sawun wata farar takarda da aka kankare. Ya shinshina ya ce ruwan shayi aka shafa mata ta yi kalar tsufa. Koɗewar fentin kuma samfefa ce, duk layukan sun miƙe gefe guda. Ya ce jitar da aka yi shekara hamsin ana kaɗawa, ƙarafunan wuyanta na farko sukan cinye, katakon ya yi 'yan ramuka inda yatsu ke dannawa, cikinta ya yi duhu da ƙura da warin tsohon katako. Tawa ƙarafunan ƙal, cikin fari tas yana warin gam. Tsirkiyoyin kaɗai ne tsofaffi a jikinta. Ya ce irinta sabuwa a kwali ba ta wuce dubu hamsin ba. Dubu hamsin, ni na ba da ₦420,000.

Yaransa biyu na zaune suna jin komai. Ba wanda ya yi dariya, ni da ma sun yi.

Baba ya ƙara min da cewa ko lambar ma ba a dogara da ita ita kaɗai, don a Yamaha akwai tsarin lambobin da ke maimaita kansa duk shekara goma. Jitar kamfanin Martin ce mai sauƙi, tun 1898 lambarsu a jere take, kuma a kan katakon gindin wuya ake buga ta. Ta kamfanin Gibson kuwa daga 1977 zuwa 2005 lamba takwas ce, ta farko da ta biyar su ne shekarar. Ina jinsa ne kawai, hankalina na can Tarauni wajen alwala.

Tun a shagon na kira lambarsa, a kashe. WhatsApp ya toshe ni. Shafin Facebook ɗin ya ɓace, amma na riga na ɗauki hoton tallar tun ranar farko don in nuna wa abokina, Allah ya taimake ni. Mai POS ya ce shi bai san shi ba, kuɗi aka turo ya bayar. Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, an rubuta, an ce za a neme ni. Jiya kuma wani ya gaya min ya ga talla irin wannan, jita daban, amma baturen Bompai da uwa a asibiti suna nan yadda suke. Dogo ne, siriri, yana da tabo a gira ta hagu, ba zai wuce shekara talatin ba.

Kada ku sayi tsohuwar jita a bakin titi. Ku kai wa mai gyara ya zura madubi kafin ku biya, in mai kaya ya ƙi, ku tafi abinku.

Ban gaya wa maiɗakina ba tukuna, ita har yanzu ta ɗauka kayan tarihi ne ke jingine a bayan kofa, jiya ma ta hana yara taɓawa. Hotunan hirar da rasit ɗin POS da na takardar da Baba ya ɗaga, da daddare zan ɗora su in an kawo wuta. Wanda ya gane shi ya yi min magana ta akwati. ₦420,000 fa, kuma ashirin ɗin ni na ƙara.