Takardar gwajin zuciyata ta Kano ta ba ni kunya a Ingila

'Yan uwa na gida, barkanmu da war haka. Bari in ba ku labarin abin da ya same ni a ƙasar nan, har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Cikin dare zuciyata ta kama dukan uku-uku, gumi ta ko'ina, maman yara ta buga 999. Masu ambulas tun a falo suka manna min wayoyi goma, shida a ƙirji huɗu hannu da ƙafa, takardar isiji, wato gwajin lantarkin zuciya, ta fito wai bugu 180 a minti ɗaya. Babu wanda ya ce a kawo kuɗin kati ko na mai, amma kar ku ce kyauta ne, kuɗin lafiyar da ake haɗa mana da na biza tun kafin mu taso ba ƙarami ba ne.

Muna isa asibiti likita ta kalli takardar ta ce, ka taɓa yin isiji a baya? Na ce sosai ma, a Kano, har bugun ƙirji nake maman yara ta zaro ta daga jakar takardun makaranta. Jama'a, ana buɗewa fara fat! Ashe irin takardar nan ce da zafi ke cinye rubutunta, ba abin da ya rage sai sunana da aka rubuta da biro. Ta ce to asibitin fa, za su iya turo kwafi daga kwamfuta? Na yi shiru. Wace kwamfuta, wurin da fayil ɗin mutum ma sai an ba na ɗakin kati na goro kafin a gano shi.

Ta zauna ta yi min bayani, abin da ban saba gani ba. Wai lantarkin zuciya daga sama yake saukowa ya rabu reshe biyu, dama da hagu, kamar layin NEPA da ya shiga unguwa biyu. Nawa na hagu a toshe yake, sai wutar ta zagaya ta dama kafin ta isa, shi ya sa zanen kowane bugu yake yin faɗi ya wuce milisakan 120. To in mai irin wannan zuciyarsa ta kama gudu daga ɗakunan zuciyar na sama, wanda yawanci ba ya kisa, a takarda sai ya yi kama da gudun ɗakunan ƙasa, wanda shi kan ɗauke mutum cikin mintoci. Kuma akwai maganin da ke kwantar da na sama, irin su verapamil, in ka ba mai na ƙasa jininsa faɗuwa zai yi warwas. Da tsohuwar takardata na nan, da ta jera su ta ga ko faɗin tsoho ne. Tunda babu, dole suka ɗauke ni a mai mugun, ga tsoron ko sabuwar toshewa ce ta hanyar jini, aka yi ta ɗibar jinina ana hoton zuciya. Sai da bugun ya lafa suka ga zanen bai canza siffa ba, suka ce ai da alama na daɗe da abina, ƙila hawan jini ne ya jawo.

Shekara nawa ina cewa gabana na faɗuwa ana ce min olsa ce, mai kemis ya ƙulla min magani a leda, wasu su ce tunani ne ya yi min yawa. Wanda ya yi min gwajin can ma bai ce min komai ba, miƙo min takarda kawai ya yi.

Amma nan ɗin ma kar a cika su da yabo. In ba yanke jiki ka yi ka faɗi ba, ganin likitan zuciya sai ka yi watanni kana jiran wasiƙa, likitan unguwa kuwa sai ka buga waya ƙarfe 8 na safe daidai, in ka makara an cike. A Kano in da kuɗinka yau-yau za ka ga babban likita. Kuma kwanciyar da na yi ba wanda ya leƙo dubiya sai maman yara, babu fulas ɗin kunu babu farfesu, sai biredi mai sanyi da shayi salam.

Yanzu sun ba ni kwafi na ɗauka a waya. Yaya, don Allah takardar da aka yi wa Baba bara a ɗauke ta hoto yau ɗin nan a turo min, kafin ita ma ta goge.