Kwale-kwalen CMS zuwa Tarkwa Bay: sauri akwai, amma a zaɓi direba

Mota ba ta zuwa Tarkwa Bay. Wurin ɗan zirin yashi ne a yammacin mashigar tashar jiragen ruwan Legas, dab da ma'ajiyar mai ta Atlas Cove, kuma dogayen katangun duwatsu da aka jera tun zamanin Turawa su ne ke karya ƙarfin teku, shi ya sa ruwan gaɓar ke kwance. Jama'ar wurin sun ragu ƙwarai tun Janairun 2020, lokacin da sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna. Yanzu cinikin ya fi karkata ga masu zuwa shan iska Asabar da Lahadi. Su da mai suya da mai ruwan leda duk jirgi ɗaya suke shiga.

Ƙananan jiragen masu inji a baya da ke tashi daga CMS, wato tashar jiragen ruwa da ke Marina a tsibirin Legas, sun cancanci yabo wajen sauri, don cikin kusan minti 20 an sauka. Matsalar tana tsakiyar hanya. Nan manyan jiragen dakon kaya ke bi zuwa Apapa, kuma igiyar da suke bari a baya ba ƙarama ba ce. Direban da ya san aiki yakan rage mai, ya tari igiyar da goshin jirgi a ɗan karkace. Mai gaggawar komawa ɗibar fasinja kuwa da gefe yake tarar ta, sai ruwa ya watso ciki. Abin takaici ne a yi haka da jirgi cike da mata da yara.

Kafin ka biya, leƙa bayan injin. Akwai siririn ruwa da yake tsartuwa. In ya tsaya, leda ko ciyawa ta toshe kafar da ke jawo ruwan sanyaya inji, kuma zai yi zafi ya mutu a hanya. Haka igiya ko tsumma kan naɗe farfela. Rigar kariya daga nutsewa dole ce a dokar LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, amma wasu rigunan maɗaurinsu ya tsinke, soson ciki ya lotse. Irin wannan a ce a canza ta, ba kunya a ciki.

Mai kaya ya sa buhu da kula a ƙasa, tsakiyar jirgi, kada a jibge su gefe guda. Kujerun gaba sun fi dukan ƙugu, dattijo ya zauna wajen baya. A wajen sauka akan taka ruwa, don haka silifa ya fi sau-ciki, waya da kuɗi kuma a ƙulle su a leda.

A daidaita kuɗin dawowa tun a CMS, a kuma baro gaɓar da zarar an yi La'asar. An hana waɗannan jirage tafiyar dare, kuma jirgin ƙarshe shi ake cika wa lodi fiye da ƙima.